Ni Na Hana Isufu Awon Sukarinsa

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Sunana Habu, daga unguwar Kara-Kara a Damagaram.

Ni ne mai dafa shayi a fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira. Abokina Isufu yana da ciwon sukari, kuma dokotoro ya ce ya riƙa awo. Kullum kafin ya karɓi kofi sai ya fito da ɗan injinsa, ya huda yatsa, ya duba lamba. In ta hau, sai ya ce in ba na gaba.

Abin ya riƙa ba ni haushi, don a fada ƙin karɓar shayin mutum raini ne. Rannan a gaban jama'a na ce, "Isufu, shayina ne guba, da sai ka tambayi inji?" Kowa ya yi dariya. Daga ranar bai sake zuwa da injin ba, kuma har kofi na ƙarshe, wanda ya fi zaƙi, yana shanyewa don kada in ji ba daɗi.

Yanzu yana kwance a likita, wato asibiti, sukari ya taɓa masa idanu. Da na je dubiya bai yi mini ƙorafi ba. Injin ya miƙo mini, ya ce, "Habu, karanta mini, ba na ganin lambar."

Na karanta masa, amma na kasa kallon fuskarsa.

'Yan fada, ku bar mai awo ya yi awonsa. Masu sauraro, ku ba ni shawara: da wane baki zan roƙi gafarar mutumin da bai ma zarge ni ba?