Mun Je Bukkuyum, Wasa Yana Anka

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sani mai gyaran babur daga Gummi.

Ranar Asabar ƙungiyar ƙwallon garinmu tana da wasa a Bukkuyum. Munka rufe shaguna, munka cika mota har da ganguna. Da munka isa fili, ba kowa sai wata tsohuwa tana shanyar wake. Ashe an mayar da wasan Anka, sanarwar kuma a guruf ɗin masu babbar waya kaɗai anka sa ta.

Malam, da can mai shela ke zagaya kasuwa da lasifika, kowa ya ji. Mu masu ƙaramar waya mun daina zama magoya baya ke nan? A ba mu shawara.

Ina gaida Inna mai shanyar wake, ita kaɗai ta tarbe mu.