Butar da ta zo daga Japan

A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon, Alhaji Rachidou, ɗan kasuwar kayan mota, yana jiran jirgi da kwali a cinya. Wani dattijo ya zauna gefensa, suka gaisa, ya leƙa rubutun kwalin.

"Alhaji, daga Sin ne?"

"Japan. Mai sayar mini da piyes ɗin mota ya kai ni ƙauyensu bikin bazara. Ga ganguna, ga fitilu, har ɗanyen kifi na haɗiye don kada in kunyata shi."

"Ai ka yi ƙoƙari."

"Tsaya, Malam. A ƙofar wurin bautarsu akwai kwamin dutse cike da ruwa, da ludaya a jere. La'asar ta yi, na ce ga wurin alwala. Na kurkure baki, na tsoma ƙafa biyu."

"Ciki?"

"Ciki. Ashe ɗiba ake yi a wanke hannu a gefe. Uwar mai piyes ɗin, ta haura tamanin, ta kwashe ruwan, ta durƙusa tana goge dutsen. Da ta gama ta rusuna mini. Da zagina ta yi, da na samu sauƙi."

"Ka ba su haƙuri?"

Rachidou ya sunkuyar da kai. "Wata uku ban ɗauki wayarsa ba. Jiya wannan ya iso daga tsohuwar."

Ya buɗe kwalin. Buta ce ta ƙarfe, a naɗe cikin ƙyalle.

Dattijon ya jujjuya ta. "Alhaji, kira shi kafin jirgi ya zo. Tsohuwa ta bincika da me muke alwala, kai ko gaisuwa ba ka aika ba."