Injin da Ba a Faɗa wa Baba Ba

UMMU: Salamu alaikum. Alo? Auta, kai ne?

HAFIZU: Wa alaikumus salam. Yaya Ummu, ina wuni?

UMMU: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya mutanen Kano?

HAFIZU: Lafiya ƙalau. Ya Dutsi, ya maigidan, ya yara?

UMMU: Duk lafiya. Ya kwanan mai jego? Ka kira Zango kuwa?

HAFIZU: An ce suna lafiya.

UMMU: "An ce"! Ji min mutum, wai shi mai kunyar ɗan fari. Ka dai zama uba, Hafizu, ko ka faɗa ko kar ka faɗa. Jiya na je na ga Firdausi da jaririn. Hancin nan naka ne sak, Allah ya kyauta.

HAFIZU: Kai, Yaya! Ni dai jibi Alhamis ina tafe, in kwana gida, Juma'a mu wuce suna. Wai me ya samu wayar Baba? Kwana huɗu ina kira a kashe.

UMMU: Wayar... ai ta ɗan fashe ne.

HAFIZU: Alo? Ta me?

UMMU: Ta fashe! Bari in matsa bakin rijiya, nan ɗakin sabis ba ya kamawa. Kana ji na? Ina gidan Baba ma yanzu, na zo gasa masa gwiwa.

HAFIZU: Gwiwar wa?

UMMU: Wayyo bakina. Ya ce kar a gaya maka sai ka zo.

HAFIZU: Yaya Ummu, don girman Allah, me ya faru?

UMMU: Kwantar da hankalinka, ba karaya. Babur ne ya kayar da shi ranar Asabar. Gwiwa ta kumbura, kafaɗa ta gurje, shi ke nan.

HAFIZU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ina?

UMMU: Hawan nan mai rairayi, bayan rafi, hanyar rugar Fulani. Zai je yi wa wani tsoho ƙaho. Ya ce ya murɗa totur kamar yadda ya saba, kawai sai ya ga sama ta koma ƙasa. Babur ya ɗaga kai ya zubar da shi cikin shingen ƙaya, zabira can, asake can. Makiyaya ne suka tsinto masa kayan aikin ɗaya-ɗaya.

HAFIZU: Ya ɗaga kai...

UMMU: Babur ɗin da ko akuya ba ya iya kora! Ni ba ciwon ne ya dame ni ba, Auta. Baba ya ce ya bar wanzanci.

HAFIZU: Ya bar me?

UMMU: Ya ce shekara ashirin yana hawan nan da babur ɗin nan, ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Tunda babur bai canza ba, to hannunsa ne ya canza. Wai hannun ya yi gaban kansa bai sani ba. Ka tuna labarin Kaka, da ya ƙi ajiye aska har hannunsa ya yi rawa ya yanke wa jaririn mutane kunne? Baba ya rantse shi alamar farko zai gani ya ajiye. Ya ce hannun da ya ci amanarsa a kan totur ba zai ɗora shi a kan ɗan kwana bakwai ba.

HAFIZU: To askin sunan ranar Juma'a fa?

UMMU: Suhaibu na Baba Ƙarami zai yi. Jikan Baba na farko ta wajenka, tun cikin yana wata biyar yake wasa aska yana cewa shi zai sauke gashin. Yanzu sai ya zauna a kan buzu ya miƙa hannu yana kallo, wai ko zai ga yana rawa. Ko tuwo da cokali yake ci. Alo? Kana ji na?

HAFIZU: Ina ji.

UMMU: Kuka kake yi?

HAFIZU: Yaya, ni ne.

UMMU: Na san kai ne mana, da wa nake magana?

HAFIZU: Ni na kayar da shi. Ba hannunsa ba ne. Babur ɗin ya canza.

UMMU: Ban gane ba. Ba gyara ka kai shi Daura ba?

HAFIZU: Haka na ce masa. Na ce ringi da fulogi Mahdi bakanike zai sauya. Inji sukutum na sa aka cire. Na taho da sabo daga nan shagonmu, samfurin bana, aka ɗaura.

UMMU: La'ilaha illallahu! Baba bai gani ba?

HAFIZU: Kamanninsu ɗaya, kamfani ɗaya, suna ɗaya. Na ce Mahdi ya bar tsohuwar salansa da tsofaffin murafai, ya shafa masa baƙin mai da ƙasa don kar ya yi ƙyalli. Amma cikin ba ɗaya ba ne. Na Baba, na shekara ashirin baya, ƙarfin doki bakwai ne a takarda...

UMMU: Doki kuma?

HAFIZU: Haka ake auna ƙarfin inji. Bakwai yana sabo, yanzu da ya tsufa da ƙyar in ya kai biyar. Na bana sha ɗaya ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba zai ji ba sosai, tunda Baba lallaɓawa yake. Amma a hawan nan maƙure totur yake yi har ƙarshe, yana taimaka masa da ƙafa. Ki maƙure wa sha ɗaya abin da kike maƙure wa biyar...

UMMU: Amma kai dai an yi ɗan banza! Ka ninka wa tsoho ƙarfi a ƙarƙashinsa ka kama bakinka?

HAFIZU: Sau uku ina roƙonsa in sauya masa, yana cewa wanda ya san halinsa ya fi wanda bai sani ba. Kin manta da damina ya mace masa a daji, ya turo shi tun daga ruga har gida? So nake ya je Zango ranar suna ba turi.

UMMU: Wannan duk na ji. Faɗar fa?

HAFIZU: Mahdi ma sai da ya riƙe min riga. Ya ce, "Ka gaya wa tsoho ya sassauta hannu, wannan ba irin na da ba ne." Na ce zan faɗa. Da na kawo babur ɗin Baba ya zagaya shi, ya shafa tanki, ya ce, "Ka gani? Da ma gyara kawai yake so." Yana ta murna ya fi ni gaskiya. Sai na kasa. Na ce bari sai bayan suna, in ya ji daɗinsa.

UMMU: Ga shi ya ji.

HAFIZU: Yaya, wallahi kunya ta ishe ni. Ke ki gaya masa.

UMMU: Ni? Wanda ya ɗaure akuya shi ke kwance ta. Ga shi can a zaure.

HAFIZU: Tsaya! Katin nawa ya kusa ƙarewa, bari in sa wani in...

UMMU: Baba! Ga Auta.

BABA: Salamu alaikum. Hafizu?

HAFIZU: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni? Ya jiki?

BABA: Jiki alhamdu lillahi. Wato ta gaya maka. Bakin Ummukulsum ba ya riƙe ruwa. To, ka yi haƙuri, na ɓata maka gyaranka. Fitila ta fashe, kan ya karkace. Laifina ne, tsufa ba ya sallama.

HAFIZU: Baba, ba laifinku ba ne.

BABA: In ka zo ka tafi da shi, ka fi ni buƙata.

HAFIZU: Baba, ku saurare ni. Injin ba naku ba ne. Na sa an cire naku an sa na bana, ya ninka shi ƙarfi. Na ɓoye muku. Ko waye ya murɗa shi haka a hawan nan sai ya faɗi. Hannunku lafiyarsa ƙalau. Ku yafe min. Alo? Baba? Kuna ji na?

BABA: Ina jin ka. Ina nawa injin?

HAFIZU: Mahdi ya... an ba 'yan gwangwan.

BABA: To.

HAFIZU: Yanzu sai ku fasa ajiye askar. Ranar Juma'a ni zan goya ku har Zango, ku yi wa yaron aski da hannunku.

BABA: Ɗazu bayan azahar, a ƙofar masallaci, gaban liman da mai unguwa, na rataya wa Suhaibu zabira. Na kama hannunsa na sa masa albarka. Ummukulsum ma ba ta sani ba tukuna.

HAFIZU: A karɓo, Baba! Ni zan kira shi in yi masa bayani, zai...

BABA: Zabira ba aron tabarma ba ce. Ubana bai karɓe ta daga hannuna ba, ni ma ba zan karɓe daga nasa ba.

HAFIZU: Baba, don Allah...

BABA: Kwana huɗu ina tsine wa hannun da bai yi min komai ba. Ummukulsum, zo karɓi wayarki.

HAFIZU: Baba! Alo? Yaya Ummu? Alo?