Ƙafar Rifkatu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, mai tuyar ƙosai a bakin titi a Tsafe.

Ɗiyata Rifkatu da lanƙwasasshiyar ƙafar hagu aka haife ta, da gefen ƙafar take takawa. Mun saba da hakan har ta shekara goma sha huɗu. A daminar 1998 wurin da take takawa ya fashe ya zama gyambo, ya ƙi warkewa, har ya fara wari.

Muka je asibiti a Gusau. Likita ya duba ya ce, "Mama, in ba a yi aiki an miƙe ƙafar nan ba, ciwon zai kai ƙashi. In ya kai, sai yankewa." Da ya faɗi kuɗin aikin, na san ya fi ƙarfina. Babanta ya rasu, gonarmu kuwa ko abincin shekara ba ta ba mu.

A mota muna komowa, Rifkatu ta raɗa mini, "Inna, in sun yanke, ina za su kai ta?"

Daga ranar, kullum na zo kwance tsumman ƙafar sai in ji tsoron abin da zan gani.

Ranar zumuntar mata a coci na durƙusa, addu'a ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa kawai, "Yesu, kai ka yi ƙafar nan. Kada ka bari." Mama Talatu, shugabarmu, ta riƙe ni har na gama kuka.

Da kaka ta yi, mata suka riƙa kawo dawa da gero, kowace da abin da ta iya. 'Yan'uwa na Bungudu suka aiko da nasu. Malam Sani direba, Musulmi mai sayen ƙosaina, ya kai buhunan kasuwar Gusau, aka sayar don kuɗin aikin. Na miƙa masa kuɗin mota, ya ce, "Ajiye, ki saya mata magani."

Ranar aikin, da aka tura ta ciki, ban san ko zan sake jin muryarta ba. Da la'asar ta farfaɗo, ta laluba ƙasan bargo, ta ce, "Inna, tana nan."

Yau ga ta can cikin mawaƙa. Tana ɗan ɗingishi, amma da tafin ƙafarta take taka ƙasa.

Na gode wa Ubangiji. Wanda tsoro ya cika masa ciki kamar yadda ya cika nawa, ya kai wa Yesu shi haka nan, ko da baki ya kasa furtawa. Yana ji. Amin.