Burodin 'Yan Gurguzu

A garin Genk, tsakanin shagon burodin 'yan gurguzu da na 'yan Katolika, wata tsohuwa mai kwando ta tare wani dattijo.

"Bawan Allah, ka ji hukuncin kotu? Ministanmu na 'yan gurguzu da ke zama da shugabannin duniya, wai ya ci hanci!"

"Na ji, baiwar Allah."

"To yanzu a ina zan sayi burodi? Shi ya buɗe mana shagon nan namu na 'yan gurguzu, har ya sumbaci kumatuna. In na shiga, na goyi bayan ɓarawo ke nan? In na tsallaka wajen 'yan Katolika, me zan gaya wa mijina Staf a kabarinsa?"

"Burodi yana jefa ƙuri'a ne?"

"Ji shi! Kai na wane ɓangare ne?"

"Ni ke kaɗa ƙararrawar cocin Katolika."

"To me ya kawo ka shagonmu?"

"Naku ya fi laushi. Shekara da shekaru ta ƙofar baya nake saye. Yau na ce tunda abin ya rushe, bari in bi ta gaba."

Ta miƙa masa kwandonta.

"Ungo kwandon, sayo min biyu. Amma ka bi ta baya."