Kwana Goma Sha Ɗaya a Barandar Asibiti

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa na zumunta. Rifkatu ce, matar marigayi Ishaya. A waya nake rubutawa, ku yi haƙuri da ni.

Yawancinku kun san ni a Kano, da gayu da baki. Abin da ba ku sani ba, bana na yi kwana goma sha ɗaya ba ni da ɗaki, ni da yarana, Godiya da Bulus.

Aikin Ishaya ne ya kai mu Birnin Kudu, wani injin casar shinkafa, kuma ɗakinmu na wurin aikin ne. Wata biyu da rasuwar Ishaya aka ce mu tashi, sabon ma'aikaci zai shigo. Na zaga neman haya. Duk ƙofar da na buga, tambaya ɗaya: "Ina maigidan?" In na ce ya rasu, sai a ce an riga an kama ɗakin.

Sai na sayi tabarma da fulas na shige asibiti, na zauna cikin masu jinya a baranda kamar ina da mara lafiya a ciki. Da safe in wanke yara a famfo, in ɗaura ɗankwali, in ɗora hoto a waya ina murmushi. Girman kai, 'yan'uwa! Ko ɗayanku ban kira ba.

Ranar Laraba Yaya Dauda, wan mijina, ya bugo daga garinsu, Sara.

"Rifkatu, an ce an tashe ku. Ina yaran ƙanena suke kwana?"

Na ce, "Yaya, ai mun samu ɗaki."

"To madalla. Asabar zan zo in gani da idona. In babu, zan taho da su gida. Ba faɗa ba ne."

Na san ba faɗa ba ne, shi ya fi ba ni tsoro. Yana da gaskiya. Na kasa cin komai, ina ta ƙirga yarana kamar su goma ne.

Alhamis da safe na zagaya bayan wurin wanki na durƙusa. Addu'ar ma ba ta yi tsawo ba. Na ce, "Yesu, na yi ƙarya, na gaji. Kada a raba ni da yaran nan."

Ina dawowa na tarar da Inna Hajara, mai shara, tsaye kan tabarmata da tsintsiya.

"Ke 'yar nan, wane gado ne naki?"

"Na can ƙarshe, Inna."

"Na ƙarshen nan tun Litinin aka sallame shi. Ko gadon kike jinya?"

Na fashe da kuka, na gaya mata komai. Ta ce, "Haba yarinya! Da bakinki kamar rediyo, wannan ne kika kasa faɗa?" Ita Musulma ce, amma ita ta saka mu a Keke mai ƙafa uku ta kai mu wani gida da matan wata ikilisiya suka buɗe domin uwaye marasa wurin zama.

Mama Saratu mai kula da gidan ta ce ɗakuna huɗu ne, duk a cike. Sai wata mai goyo, Laraba, ta leƙo ta ce, "Mama, ɗakin kekunan ɗinki fa? A fito da su rumfa mana." Mu biyar muka kwashe su kafin azahar!

Asabar Yaya Dauda ya zo. Ya duba rufi, ya duba banɗaki, ya tambayi makarantar Godiya, Mama Saratu ta ce an rubuta sunanta. Ban ɓoye masa barandar ba. Sai ya ce, "Su zauna wurin uwarsu. Amma kada ki ƙara yi mini ƙarya."

Halleluya! Yarana suna tare da ni!

Wata shida ake ba kowace uwa a gidan, na ci biyu. Ina koyon ɗinki, hannuna bai faɗa ba tukuna, kuma har yanzu gabana na faɗuwa in na tuna saura huɗu. Ku sa mu a addu'a.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni. 'Yar'uwa, in kina cikin irin wannan, ki dogara gare shi, ki kuma buɗe baki ki faɗa wa wani yau. Amin.