Turaku Tara a Gonar Baba Mato

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma dagacin gari, ranka ya daɗe, iyayenmu dattawan Orozo, malam liman da baba fasto, sarkin noma, shugabar mata, Mama Yelwa, malamarmu ta kwas, Malama Mabel, wadda ta bar hutunta na Asabar ta biyo mu tun daga Garki, 'yan ajinmu, maza da mata, waɗanda suka sami benci da waɗanda ke tsaye a rana: assalamu alaikum, salama a gare ku duka.

Sunana Badamasi Nababa. Akawu ne ni a wata ma'aikatar tarayya, ina cikin waɗanda aka fara kwasowa daga Legas bara, kafin kujerar mulki ta iso Abuja a wata mai zuwa. Shekarata arba'in da biyu, karatuna ya tsaya a sakandare, kuma ban taɓa tsayawa gaban jama'a mai yawa haka ba. Wannan jawabi sau uku na rubuta shi, na yaga biyu.

Na gode wa dagaci da ya tara mu. Na gode muku da kuka ajiye aikin gona a lokacin da kowace safiya take da tsada. Na gode wa Baba Mato musamman, domin an gaya mini bai so zuwa ba, ga shi kuma ya zo ya zauna a gaba.

Magana ta farko ita ce abin da ya kawo mu garinku.

Mu goma sha biyu ne muke kwas na wata shida a kan aikin talabijin, da yamma bayan an tashi daga ofis. Jarrabawarmu ta ƙarshe ba ta biro da takarda ba ce. An ce mu shirya waƙa guda ta minti huɗu, mu ɗauke ta a bidiyo. Yaran ajinmu suka zaɓi kiɗan da ake kira rok, wato kiɗan gita mai lantarki da ganguna masu ƙara. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da Innocent, mai kaɗa mana gita, ya fara gwadawa a aji, na zaci waya ce ta haɗu da waya, na tashi zan kashe wuta. Ya ce, "Oga Badamasi, zauna, waƙar ce ta fara." Har yau ban gama fahimtar kiɗan ba. Amma na fahimci waƙar, domin 'yarku Magdalene ce ta rubuta ta, rabi da Hausa rabi da Gbagyi, ita ce kuma za ta rera. Waƙa ce a kan gonar da ta yi wayo a cikinta, gonar Baba Mato, yayan mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana goye.

Da yake ni ne babba a aji, kuma an san ni da rubuta komai, sai aka ba ni tsara aikin. Kamara ɗaya ce, aro za a ba mu ranar Asabar mai zuwa, yini guda. Batir biyu ne, kowanne minti ashirin yake yi. Wanda ke da minti arba'in a hannunsa ba ya zuwa wuri ya fara tunanin inda zai tsaya. Saboda haka muka zana kowane hoto a kwali tun a aji, muka ƙidaya wuraren da kamara za ta tsaya, suka kama tara.

Magana ta biyu ita ce abin da na aikata, kuma zan karanta muku shi daga littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, don kada bakina ya gyara mini labari.

Litinin, huɗu ga Nuwamba. Na rubuta: "Jerin aiki. Ɗaya, takardar aron kamara. Biyu, janareta. Uku, sa alama a wuraren kamara. Huɗu, mota." Haka na yi ta jerowa har na bakwai, inda na rubuta: "Gaida masu gari." A ƙasan wannan, ga abin da ke nan da rubutun hannuna: "Magdalene ta ce, Oga, mu fara zuwa wurin Baba kafin a taɓa gona. Na ce mata mai zuwa gaisuwa ya kamata ya je da cikakken tsari a hannu, kada a ce ba mu san abin da muke yi ba. Ta sake faɗa. Na ce za a yi, yana lamba bakwai."

Jama'a, ku ji da kyau. Ta faɗa, ta sake faɗa, ni ne na ce lamba bakwai.

Washegari Talata na sami motar ofis za ta Karshi, na roƙi direba ya tsaya a nan ya ɗan jira ni. Ban gaya wa Magdalene ba, ina ganin ƙaramin aiki ne. Na iske gari shiru, ashe an tafi jana'iza Karu. Na shiga gonar, wadda Magdalene ta taɓa nuna mana, da tef na awo, da fayil a hammata, da turaku tara da na shafa wa jan fenti na rubuta musu lamba. Na auna, na kafa, na auna, na kafa, mota mai lambar gwamnati tana jirana a bakin hanya. Na koma gida na ja layi a kan lamba uku, na kwanta da farin ciki.

Ni da na zo daga Legas, turke a wurina itace ne. Ban tsaya na tambayi kaina mene ne jan turke mai lamba a idon mutumin wannan ƙasa ba, ƙasar da ake ta aunawa shekara goma sha biyar.

Kwana shida ban san komai ba. Magdalene ta daina zuwa gwajin waƙa. Da Malama Mabel ta matsa mata, sai ta fashe da kuka ta ce a gida ana cewa ita ta kawo masu awo, ta je birni ta yi karatu ta dawo ta nuna musu gonar ubanta. Ta ce mata sun daina yi mata magana a rafi. Ta ce ta durƙusa ta gaida Baba, ya juya fuska.

Na zo da kaina ranar Larabar nan da ta wuce. Baba Mato bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sa aka ba ni kujera, aka ba ni ruwa. Na yi ta bayani a kan kamara da batir da kwali, yana kallon ƙasa. Da na gama ya ce, "Ɗana, na san wannan itace. Ya taɓa zuwa gidana. Wancan karon ma mai fayil ya ce ba komai." Ya gaya mini inda aka haife shi, inda kabarin mahaifinsa yake, ya ce yanzu kwalta ce a wurin. Sannan ya nuna mini gonar. Tun ranar da ya ga turakun ya jingine garma, bai ƙara huɗar doya ko ɗaya ba, domin ya ce ba zai yi wa katafila huɗa ba. Ƙasa kuwa tana bushewa kullum. Turakun suna nan tsaye har yanzu, ba wanda ya taɓa su, saboda kowa ya ɗauka na hukuma ne.

Ina faɗa a gaban dagaci, a gaban liman da fasto, a gaban malamata da za ta ba ni maki: ba na hukuma ba ne. Ba ofis da ya aiko ni. Ba wanda ya auna gonar nan don a karɓe ta. Reshen dalbejiya ne na bayan masaukinmu, ni na sare shi, ni na feƙe shi, ni na shafa masa fenti. Ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya hannuna ba, ban san abin da manya suka zana wa kowane gari a taswirarsu ba, ni akawu ne. Amma waɗannan tara nawa ne, kuma ina roƙon izini in cire su da hannuna yau, kowa yana gani.

Magana ta uku gajeriya ce. Mun zo da garma goma sha biyu, suna cikin mota. Da an tashi daga nan, da gobe bayan an fito coci, za mu shiga gonar Baba mu yi huɗa, ko kun ba mu izinin ɗaukar hoto ko kun hana. Sai dai ina roƙon sarkin noma ya tsaya a kanmu, don na ga tafin hannun Innocent, bai taɓa riƙe abin da ya fi gita nauyi ba. Kuma mun riga mun fara koyo a wurinku. Da na nuna wa Mama Yelwa zanenmu ɗazu, ta ga mun zana mace da kaya a ka, ta ce, "Oga, wannan mace ba namu ba ne. Mu a kafaɗa muke ɗauka, kai na tunani ne." Mun gyara. Idan kun yarda mu zo Asabar, za mu zo da safe, mu tafi kafin la'asar, ba za mu taka shuka ba, kuma kafin malamai su ga hoton, ku za ku fara ganinsa a nan ƙarƙashin wannan bishiya. Abin da kuka ce a cire, za a cire. Idan kuma kun ce a'a, za mu nemi wani fili, ko mu faɗi jarrabawa, ba za mu riƙe kowa a zuci ba.

Amma akwai abin da ba zan iya komawa Garki in bar shi a baya ba, shi ne magana ta ƙarshe.

Baba Mato, yau kwana goma sha ɗaya ke nan 'yarka tana gaishe ka ba ka amsa ba. Ba ta nuna wa kowa gonarka don a ƙwace ba. Ta nuna mana ita ne don tana alfahari da ita, ta rubuta mata waƙa, ta ce in gina birni ya zo ya wuce, a sami wani abu da zai nuna yadda wurin yake da wanda ya noma shi. Ita ta ce a fara da kai, ni na ƙi ji. Idan akwai wanda ya cancanci a juya masa fuska, ga ni tsaye. Ka hana mu gonar in ka so, hakkinka ne. Ka bar ni da kunyata, na saye ta da hannuna. Ita dai ka amsa mata.

Shugaba, a ba ni izini in yi shiru kaɗan. Magdalene, taso. Taso mana, ƙanwata, ga shi nan kusa, ba sai kin ɗaga murya ba.

Jama'a na baya, ku da ba ku ji ba: ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Ya ce mata ta tashi, ƙasa da zafi.

Sauran abin da na rubuta shafi biyu ne, ba na jin akwai bukatarsa kuma. Maganar Asabar tana hannun dagaci da dattawa, duk abin da suka yanke mun karɓa.

Allah Ya ja zamanin dagaci. Allah Ya bar dattawanmu da lafiya, Ya sa albarka a doyar bana da ta baɗi. Allah Ya sa wannan birni da ake ginawa ya zama alheri ga waɗanda suka zo da waɗanda aka tarar. Allah Ya ba mu baƙi hankalin yin sallama kafin mu shiga. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Sarkin noma, muna jiran umarninka. Na gode.